Bairos Ɗin Auta

Litinin, da hantsi

Kwamfutar shago ta mutu. Yaya ne ya buɗe yau, kafin in iso ya wangale ƙofa da tagogi, amma har yanzu wurin na ƙaurin ƙonanniyar roba. Na danna maɓallin da kaina, don ni ba na yarda da abu sai na taɓa. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Ita ce ke ba injin surfani umarni. In ba ta, injin nan da muke taƙama da shi a duk layin bai fi tebur ba. Ga rigunan makaranta jibge suna jiran a ɗora musu tambari, hutu kuma ya kusa ƙarewa.

Auta ya iso da Baba a bayan babur kamar kullum. Ko hular kwano bai cire ba Yaya ya tare shi a bakin ƙofa.

"Filash ɗin wa ka soka mata ranar Asabar?"

"Na malamin da ya kawo tambarin makaranta."

"Ka tafi ka bar ta a kunne?"

"Aiki take yi. Na ce kafin Litinin ta gama."

"To ai ta gama. Bairos ya ƙone ta ƙurmus. Sau nawa na ce kada a soka mata abin kowa?"

Auta ya buɗe baki zai yi musu, don shi musu abincinsa ne. Sai ya sunkuya ya leƙa bayan kwamfutar, ya shafa, ya dubi yatsansa, ya rufe bakin. Tun ina goya shi ban taɓa ganin ya haɗiye magana ba sai yau.

Baba dai ya wuce kujerarsa ta gindin taga, ya cire wa tsohon keken ɗinkinsa riga, ya ninke ta tsaf. Ya ce, "Uwata, wa ya manta dutsen guga a kan kayan mutane?" Na ce babu kowa, Baba. Ya ce to shi hancinsa bai tsufa ba.

Litinin, bayan an tashi

Allah ya yafe mini, da Yaya ya ce laifin Auta ne sai da na ji sanyi a raina. Auta gardi ne, da matarsa da ɗansa, faɗa ba ya kashe shi.

Tun watan jiya gabana ke faɗuwa duk lokacin da wani abu ya lalace a shago. Maganar yadin matar likita ce. Ba na son rubuta ta. A taƙaice dai Baba ya yanka wa babbar mace riga da awon ƙaramar yarinya, kuma yanka mai kyau, irin wanda babu mai iya shi a cikinmu. Ranar Yaya ya rantse a gabanmu, a gaban matar, cewa in aka sake ɓarna ko ta maɓalli ɗaya ce, Baba ya zauna gida ke nan. Yaya kuwa in ya rantse, ko shi ba ya iya ba kansa haƙuri.

Baba a gida. Ɗaki, rediyo, bango. Mutumin da ya buɗe shagon nan da keke ɗaya tun ba a haifi ko ɗayanmu ba. A gida yakan tambayi inda Mama ta je, Mama da ta rasu tuntuni. A shago bai taɓa tambaya ba.

Talata, ƙarfe goma

Auta ya ɗaure kwamfutar a babur ya kai wa Injiniya, matar nan mai gyara a bayan tasha.

Layinmu kuwa kowa ya zama masani. Mai aski ya ce shi bairos ya taɓa kumbura masa batirin waya har murfi ya ɗage. Mai shayi ya ce a iska yake yawo, shi ya sa yake sa rediyonsa a leda. Yaya, wanda har yau ni ke duba masa saƙo a waya, ya tsaya a tsakiya yana bayani da hannu biyu: wai abin yakan shiga ta filash, ya bi waya, ya tarar da fanka, ya shaƙe ta. Na ce, "Yaya, ka gan shi ne?" Ya ce in koma kan maɓallaina.

Baba ya ɗago ya ce, "Wace ce ba lafiya?" Na ce kwamfuta. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, yarinyar kirki ce, ba ta da surutu sai tari.

Duk muka yi dariya. Yaya bai yi ba.

Laraba, da azahar

Babu labari daga Injiniya. Malamin makaranta ya zo sau biyu, na ba shi kujera da haƙuri.

Laraba, da yamma

Baba ya ga muna zaune jugum, ya ce a ba shi riga ɗaya. Ya ce su da suke ɗora tambari kafin a ƙirƙiro inji, da ƙafa suka yi? Ya zare allura, ya lashi bakin zare, ya zura shi karo ɗaya ba tabarau. Ni da nake ganin ina da ido sai na yi sau uku.

Na zauna kusa da shi ina kallon hannun nan. Hannun bai manta komai ba. Kafin la'asar ya gama, ya miƙo mini yana murmushi. Tambari ne mai kyau, fitila da buɗaɗɗen littafi. Na makarantar da muka yi ne ni da Yaya, wadda aka rushe aka yi gidan mai a wurin.

Na ce, "Kai, Baba, ya yi kyau!" Na cusa rigar a jakata kafin Yaya ya juyo. Yanzu na gama warware shi. Ɗinkin ya kama sosai, sai da na yi da gaske.

Alhamis, da safe

Yaya ya ce daga yau Auta ba zai ƙara taɓa inji ba, ko an gyara. Ya koma guga da kai kaya. Auta, wanda shi ya koyi injin nan, shi ya san kukanta, shi yake zana kowane tambari.

Na jira ya fashe. Sai ya ce, "To." Ya zaro makullin shago daga cikin na babur ya ajiye a teburin yanka.

"Ban ce ka ajiye makulli ba."

"Mai guga ba ya buɗe shago."

Yaya ya tsaya yana kallon makullin kamar an ajiye masa kunama. Har aka tashi babu wanda ya taɓa shi, ni ce na share gefensa na bar shi a nan.

Juma'a, da la'asar

Matar Auta ta kira ni. Wai wani kamfanin ɗinki a can ƙarshen gari ya daɗe yana neman Auta, jiya ya je sun yi magana. Da asuba ake shiga. Ta ce, "Anti, to wa zai riƙa kai Baba?"

Baba ba ya hawa bayan kowa sai Auta. Ya ce Yaya tuƙin masu fushi yake yi.

Asabar, bayan an tashi

Bari in rubuta.

Asabar ranar mai ce. Tun muna yara, in za a tashi ranar Asabar, Baba zai ɗauki 'yar butar man keke ya bi kekuna ɗaya bayan ɗaya, ɗigo nan, ɗigo can, ya juya kan keken ya saurara, sannan ya sa wa kowanne rigarsa. Shi ya ɗinka rigunan, da auduga a ciki. A wurin Baba, telan da ya bar kekensa ya kwana tsirara ba tela ba ne. Mun saba har ba ma gani. Mu muna bakin ƙofa muna shigo da kaya, shi yana ciki yana zagayensa.

Yau na koma ɗaukar jakata, sai na same shi tsaye gaban teburin kwamfuta, buta a hannu, wurin wayam.

"Uwata, ina yarinyar nan mai tari?"

"An kai ta gyara, Baba."

"Gyaran me? Ai ina ba ta mai. Ta baya take sha, akwai 'yan ramuka." Ya nuna mini da bakin butar. "Yaran nan sun bar ta tsirara tun da ta zo, ƙura na shiga. Na ɗinka mata riga mai kauri, wancan satin na sa mata. Ta yi mata cif."

Na ce ya kyauta. Na karɓi butar na ce hannunsa ya gaji. Ya ce ni ce dai mai tausayinsa a gidan nan.

Lahadi

Ban je ko'ina ba. Na wanke abin da ba ya buƙatar wanki.

Litinin, da rana

Na ce wa Yaya zan je sayen zare, na wuce wurin Injiniya.

Shagonta bai fi ɗakin girkina ba, kwamfutoci a buɗe ta ko'ina, ita tana tsakiya da tabarau a goshi tana cin gyaɗa. Tamu na kan tebur an cire mata gefe. Na gaishe ta, na ce ni yayar Auta ce. Ta ce ai kamannin sun nuna, har da tsayuwar.

Na ce, "Tambaya ɗaya na zo yi. Bairos yana ƙona inji?"

Ta yi dariya har ta ajiye gyaɗar. "Kullum sai an yi mini tambayar nan. Zauna. Bairos rubutu ne, 'yar'uwa, umarni ne. Ba shi da hannu, ba shi da ashana. Aikinsa ya ɓoye miki aiki, ya goge, ya sace, ya kulle ya ce sai kin biya. Wani yakan sa inji ya yi ta aiki ba hutu har ya ɗau zafi, amma inji mai lafiya in zafi ya yi yawa kashe kansa yake yi. Akwai mugaye da ke lalata ɗan umarnin da ke tayar da ita, ta ƙi tashi sam, amma ba kasafai ba, kuma wannan ba ya ƙauri. A ce kullum shi ke ƙona wa mutane kaya, a'a. Rabin abin da ake ɗora masa, ƙura ce da wuta."

"To akwai shi a tamu?"

"Akwai. Ɗan ƙarami, irin mai ɓoye fayil. Na kore shi tun ranar farko, zanen tambarinku duk suna nan."

Ta jawo wani ƙaramin akwati na ƙarfe daga ciki, ta ce shi ke raba wa kwamfuta wuta. Ta juya mini bayansa. Fankar ta daskare cikin wani baƙin abu mai danƙo, ƙurar zare ce ta sha mai ta zama kamar kwalta. Ta ce fanka ta tsaya, iska kuma ba ta samu hanya ba, kamar an toshe duk ramukan. Tsohon akwati ne, ya gasu, da zai tafi ya ja allon ciki suka tafi tare.

Ta miƙo mini ta ce in shinshina. Ban buƙata ba. Da warin nan na girma, yana jikin rigar Baba, yana jikin burodin da yake gutsuro mana.

Ta ce, "Ƙaninki ya roƙe ni in ce bairos ne. Na ce masa ni ba zan yi wa bairos ƙazafi ba, yana da laifinsa na kansa. Amma in ba a tambaye ni ba, bakina da gyaɗa."

Na ce Allah ya saka da alheri. Na manta zaren, sai da na koma daga bakin layi.

Litinin, da yamma

Na tare Auta a ɗakin guga.

"Tun yaushe ka sani?"

Bai ma yi kamar bai gane ba. "Tun da na shafa bayanta. Mai ne a yatsana."

"Shi ne za ka bar aikinka?"

"Ni ko'ina na je tela ne. Shi fa? In aka zaunar da shi gida, wata biyu ba zai yi ba..." Bai ƙarasa ba, ya juya kwalar da yake gogewa. "Ki bar shi bairos, Yaya Ƙarama. Bairos ba shi da 'ya'ya, ba ya jin kunya."

Na ce in ya tafi wa zai kawo Baba. Ya ce ya yi lissafi: zai kawo shi da asuba ya ajiye shi wurin mai shayi har a buɗe. Na ce tsoho a kan benci cikin sanyi, wannan ne lissafin? Ya ce to in kawo nawa.

Ba ni da shi. Na ja masa kunne kamar da, ya ce wayyo, ya kusa ƙona rigar mutane. Yaron nan da ya sha cinye mini nama a kwano. Ban san ranar da ya girma ba.

Talata

Ba na yi wa Yaya magana sai ta aiki. Ya lura. Ya sayo mini lemo ya ajiye, na bar shi ya huce.

Laraba, da hantsi

Baba ya kira ni da sunan Mama. Sau ɗaya ne. A shago.

Alhamis, da azahar

Auta ya ce ranar Litinin zai fara can. Yaya ya ce Allah ya ba da sa'a, kansa a sunkuye, yana yanka. Ya yanka hannun riga biyu duk na hagu. Na gani, ya ga na gani.

Baba ya ce, "Ina za shi?" Auta ya ce aike. Baba ya ce ya dawo da wuri, kada ya tsaya ƙwallo.

Juma'a, ƙarfe huɗu

Allina ya ƙare, na buɗe durowar ƙasa ta teburin Yaya, wadda ba mai taɓawa. Can ƙarƙashin tsofaffin takardun yanka na ji abu mai laushi a leda.

Riga ce mai kusurwa huɗu, shuɗiya, da auduga a ciki, an bi bakinta da jan zare. Har da 'yar kafa ta fitar waya, an daje ta da hannu. Bayanta ya yi baƙi ya ƙanƙance.

Na daɗe a tsugune. Yaya ne ya buɗe shago ran nan. Shi kaɗai. Kafin kowa ya iso ya buɗe tagogi.

Juma'a, bayan an tashi

Na bari Auta ya tafi da Baba, na rufe ƙofa, na ajiye ledar a kan teburin yanka.

Yaya ya dube ta ya ce, "Wa ya ce ki taɓa mini durowa?"

"Alli nake nema."

"Alli yana sama."

"Yaya."

Ya zauna a kujerar Baba, abin da ba ya yi. Ya ce da ya shigo ran nan ya ga rigar, ya ɗaga, ta manne da ƙarfen. Ya ce da farko dariya ce ta zo masa, don ɗinkin ya yi kyau, ko kusurwa ɗaya ba ta karkace ba. Sai ya tuna abin da ya faɗa a gaban matar likita.

"Na rantse, ke shaida ce. In na ce shi ne, ya zauna gida. In na yi shiru, ku ce wa ya yi? Sai na ga filash a jiki."

"Sai ka ɗora wa Auta."

"Na ce zai yi musu! Kullum yana musu! In yi masa tsawa, ya yi mini, a ce bairos ne, a wuce wurin. Yaron nan ya ƙi musu. Na ƙara matsawa ko zai tanka, ya ce to. Na hana shi inji, ya ba ni makulli. Na ce shi ke nan, ya yarda shi ne, yanzu in na janye sai ya tambayi dalili."

Na ce, "Ya sani tun ranar farko. Kai yake ɓoye wa."

Ya dube ni. Ya dubi ledar. Ya ce, "Ni?" Sai ya fara dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji, ya rufe fuska da tafin hannu. Na juya ina tattara zare don kada ya ga na gani.

Mu uku, sati biyu, kowa na gadin ƙofa ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Wallahi ba a taɓa tara wawaye irin 'ya'yan Baba ba, kuma ina son su har raina.

Na ce rantsuwa ana yi mata kaffara. Ya ce ba rantsuwar ce kaɗai ba. Ya ce yau kwamfuta ce, in gobe dutsen guga ne fa? In shagon ya kama da shi a ciki? Ya ce takardar asibitin da na karɓo don a kai Baba a duba shi tana aljihunsa tun watan jiya, kullum sai ya ce gobe.

Gaskiya ya faɗa. Ya ce in ba shi zuwa Litinin.

Asabar, da safe

Auta na shigowa Yaya ya jefa masa makulli, saura kaɗan ya same shi a goshi.

"Ɗauki abinka, munafuki."

Auta ya dube ni. Na dubi silin.

"Ai kai ne babban munafukin," in ji shi. Daga nan suka kaure, wa ya fara, wa ya fi rainin hankali, wa Mama ta ce ba shi da wayo. Mai aski ya leƙo ya ce lafiya? Na ce lafiya lau, yau aka samu lafiya. Baba ya ce su yi a hankali kada su tashi jariri.

Auta ya kira kamfanin ya ba su haƙuri. Maganar Baba kuwa Yaya bai ce komai ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Asabar, da yamma

Injiniya ta aiko da kwamfuta. Auta ya kafa mata katako can sama kusa da silin, sai da tsani. Ta tashi, inji ya ɗauka, tambarin farko ya fito daidai. Na bi Baba zagayen mai, ni ke riƙe da buta, shi yana nuna wuri.

Lahadi

Maigidana ya ce tun safe nake ninke zani ɗaya. Gobe Litinin.

Litinin, da azahar

Yaya ya makara, abin da bai taɓa yi ba. Ya shigo da sabon aski da riga mai guga, takardar asibiti na leƙowa daga aljihu. Na san fuskar nan, ta wanda ya kwana yana haddace magana ce. Auta ya kashe inji. Ni na ajiye allura.

Ya nufi gindin taga, ya tsaya gaban keken, ya ce, "Baba, ina kwana."

Baba ya ɗago ya dube shi sama da ƙasa, da fara'ar nan tasa ta baƙi. Ya miƙe, ya jawo tef daga wuya.

"Lafiya lau, sannu da zuwa. Malam, ɗinki aka kawo?"

Babu wanda ya motsa. Na ɗauka Yaya zai ce Baba ni ne. Na ɗauka zai fita.

Ya ce, "E. Ɗinki na kawo."

"To matso haske. Ɗaga hannu."

Yaya ya ɗaga. Baba ya zagaya bayansa ya shimfiɗa tef daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ya ce, "Uwata, rubuta." Na jawo takarda. Yana faɗa ina rubutawa, ban ga abin da nake rubutawa ba.

Ya dafa kafaɗar ya ce, "Ikon Allah. Kafaɗarka irin ta babban ɗana ce, ta dama ta ɗan fi sauka. Almakashi ne ke sa haka. Kai ma tela ne?"

"Ina taɓawa."

"Shi ma. Ya fi ni yanka yanzu, amma kada ka gaya masa. Faɗa ne da shi kamar me, ciki kuwa babu komai. Shi ya riƙe mu duka." Ya sauke tef zuwa wuyan hannu. "Saki jikinka, malam, rawa kake yi. Ba a taɓa auna ka ba ne?"

"An daɗe."

Ya gama, ya naɗe tef a yatsu, ya ce a dawo ranar Alhamis, shi ba ya saɓa alkawari.

Yaya ya gyara murya sau biyu. "In na zo Alhamis ɗin, zan same ka?"

Baba ya yi dariya. "Ina za ni? Kullum ina nan."

"To," in ji Yaya. "Kullum kana nan."

Ya juyo ya ce wa Auta me yake jira, kaya na jiran tambari. Auta ya kunna inji. Ni na shige ciki na jona dutsen guga, ba ni da abin gogewa.